Ceto Kyauta Ne: Jawabi a kan Bangaskiya, da Ayyuka Nagari, da Roƙon Tsarkaka

 

Kalman nan jubili daga Littafin Firistoci sura 25 muka samo ta. A can Allah ya umurci Isra'ilawa su ƙirga shekara bakwai sau bakwai, watau arba'in da tara, sa'an nan a busa ƙaho cikin ƙasa duka a Ranar Kafara, a keɓe shekara ta hamsin. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonar ubansa, gonar ta kan koma hannunsa. Wanda ya sayar da kansa ga bauta, ya kan koma wurin danginsa. Ba ya biyan ko anini. Ƙahon nan da ya ji shi ne 'yancinsa. Saboda haka ya dace a rana irin ta yau mu yi magana a kan abin da Allah ya ba mu ba da kuɗi ba.

Mun san waɗanda suka kawo wannan koyarwa zuwa ƙasashenmu. Likita Niels Bronnum, mutumin Denmak, ya sauka Numan a bakin Binuwai cikin 1913. Waɗansu 'yan mishan na Lutaran daga Amurka suka kama aiki a Lere ta ƙasar Cadi da Yaguwa ta Kamaru cikin shekarun 1920. Adolphus Gunderson ya iso Kamaru cikin 1923, ya yi aiki cikin Bayawa, mutanen Nowe kuwa suka zauna Ngaundere cikin 1925. Harsunansu dabam dabam ne, amma kowa ya zo da Littafi Mai Tsarki, da wani ɗan littafi kuma, watau Ƙaramin Katekisma wanda Martin Luta ya rubuta cikin 1529. Abin da ke cikinsa shi ne mu ke so mu duba yau, bisa ga tambayoyi uku waɗanda maƙwabtanmu su kan yi mana, zuciyarmu kuma ta kan yi mana da tsakar dare. Ta ƙaƙa mai zunubi zai tsaya gaban Allah? Idan ceto kyauta ne, ina amfanin aikin kirki? Don me ba mu roƙon tsarkaka waɗanda suka riga mu gidan gaskiya?

Mutumin da tsoro ya kai shi gidan zuhudu

An haifi Martin Luta a garin Aisleben ta ƙasar Jamus cikin 1483. Ubansa mai haƙar tagulla ne, ya sa shi makaranta domin ya zama masanin shari'a. Cikin watan Yuli 1505 yana kan hanyar komawa Erfut, sai hadari ya taso, aradu ta faɗi kusa da shi. Ku lura da wanda ya kira a cikin firgita. Hannatu ya kira, wadda al'ada ta ce ita ce uwar Maryamu, gama masu haƙar ma'adini sun ɗauke ta mai tsaronsu. Ya yi mata wa'adi, idan ta cece shi zai shiga zuhudu. Bayan mako biyu ya cika wa'adinsa, ko da ya ke ubansa bai so ba.

Kada mu yi masa dariya, gama haka mutanen zamaninsa suka tashi suka tarar. Sun ɗauki Kristi alƙali mai zafin hukunci, wanda talaka ba shi da ikon tsayawa gabansa sai da mai yi masa iso. Kowace masifa an ba ta tsarkakanta. Mai ciwon haƙori ya kan yi azumi domin Afoloniya, mai tsoron gobara ya kan kira Lauransi, idan annoba ta shigo gari sai a yi wa Sebastiyan wa'adi. Mu da muka fito daga gidajen da a ke da laya domin tafiya, da laya domin haihuwa, da laya domin kasuwa, mun gane wannan hali sarai.

A gidan zuhudu Luta ya yi azumi, ya kwana yana addu'a, ya yi ta furta zunubansa ga shugabansa Yohanna Staufits har shugaban ya gaji. Duk da haka lamirinsa bai kwanta ba. Kullum tambaya ɗaya ta ke damunsa: abin da na yi ya isa? Wanda ya ke biyan bashi bai san adadinsa ba, yaushe zai yi barci?

Cikin 1512 aka ba shi digirin dakta na ilimin tauhidi, ya zama malamin Littafi Mai Tsarki a jami'ar Witenbag. Ya karantar da Zabura, da Romawa, da Galatiyawa. Maganar adalcin Allah cikin Romawa sura ta fari ta daɗe tana ba shi tsoro, gama yana tsammani ma'auni ne wanda Allah zai auna shi da shi ya same shi da rashi. Bayan dogon nazari ya ga Bulus yana maganar adalcin da Allah ya ke bayarwa ne, wanda mai zunubi ya ke karɓa ta wurin dogara ga Kristi. Daga nan nauyin ya sauka daga kansa.

A wannan lokaci a majami'ar fadar Witenbag akwai tarin ƙasusuwa da tsummoki da sauran kayan da a ke cewa na tsarkaka ne, waɗanda Sarki Firedirik na Saksoni ya tara. Cikin 1509 sun kai dubu biyar, cikin 1520 sun wuce dubu goma sha tara. A Ranar Dukan Tsarkaka, ran 1 ga Nuwamba, a kan buɗe su, wanda ya zo ya duba ya ba da baiko a kan ce an rage masa azabar da zai sha bayan mutuwa. Ban da wannan, wani mai wa'azi, Yohanna Tetsel, yana yawo yana sayar da takardun gafara. Rabin kuɗin na ginin majami'ar Bitrus ne a Roma, rabi kuwa domin babban bishop na Mains ya biya bashin da ya ci. Mutanen Witenbag suka riƙa ƙetare iyaka suna sayowa, suna ganin ba su da sauran bukatar tuba. Ganin haka, ran 31 ga Oktoba 1517 Luta ya fitar da batutuwa 95 domin a yi muhawara a kansu. Cikin 1521 Paparoma ya fitar da shi daga ekklesiya, aka kuma kira shi gaban Sarkin Sarakuna Karl na Biyar a Woms, ya ƙi janye abin da ya rubuta. Abin mamaki, Sarki Firedirik mai tarin ƙasusuwan nan shi ne ya ɓoye shi a ganuwar Watbag, inda ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci.

Ran 25 ga Yuni 1530 aka karanta shaidar bangaskiyar Lutaran gaban Sarkin Sarakuna a birnin Augsbag. Filibus Melankton, abokin aikin Luta, shi ya tsara ta, kashi 28. Kashi na 4 yana magana a kan baratarwa, na 6 da na 20 a kan ayyuka nagari, na 21 a kan tsarkaka. Amsoshin da za mu ba ku yanzu daga can su ke, su kuwa daga Maganar Allah suka ɗebo.

Ta ƙaƙa mai zunubi zai tsaya gaban Allah?

Yawancinmu mun tashi da tunanin mizani: a sa nagarta a wannan gefe, mugunta a wancan, a ga wanda ya rinjaya. Wahalar wannan tunani ita ce ba wanda ya san nauyin kayansa tun yana da rai. Ga shi kuwa shari'ar Allah ta wuce abin da hannu ya yi, tana bincike har zuciya. Ubangijinmu ya koya cikin Matta sura 5 cewa fushi dangin kisankai ne, kallon sha'awa kuwa dangin zina. Wane ne a cikinmu zai ce ya ƙaunaci Allah da dukan zuciyarsa ko da yini guda?

Koyarwarmu ita ce, mutum ba ya iya barata gaban Allah da ƙarfinsa, ko da cancantarsa, ko da ayyukansa. Allah ne ya ke karɓarsa kyauta saboda Kristi, wanda ya ɗauki zunubanmu a kan gicciye, ya tashi daga matattu. Bangaskiya ita ce hannun da ya ke karɓa. Ku karanta Romawa sura 3 da ta 4, da Afisawa sura 2, za ku same ta a fili.

Sai dai mu gane abin da a ke nufi da bangaskiya. Sanin labari kaɗai bai isa ba, gama Yakubu ya ce aljannu ma sun san Allah ɗaya ne, suna kuwa rawar jiki. Mutum yana iya tsayawa bakin Binuwai ya san sunan mai fito, ya san kwalekwalen mai ƙarfi ne, ya kwana a wannan gaɓa. Wanda ya shiga ya zauna, ya bar nauyinsa duka a kan jirgin, shi ne ya dogara. Bangaskiya ke nan: ka ji alkawarin Allah cewa an gafarta maka saboda Kristi, ka sa ranka a kai. Ita kanta ba abin fahariya ba ce, gama Ruhu Mai Tsarki ne ya ke haifar da ita ta wurin bishara da baftisma da Jibin Ubangiji. Mai bara ba ya yabon hannunsa domin ya karɓi sadaka.

Ku tuna da ɗan fashin nan da aka gicciye tare da Yesu. Hannuwansa a kafe su ke, ba shi da sauran ranar azumi, ba shi da abin sadaka, ba shi da zarafin mayar da abin da ya ƙwace. Ya juya ga Yesu kaɗai, a ranan nan kuwa aka yi masa alkawarin Firdausi. Ku tuna kuma da mutum biyu da suka shiga haikali cikin Luka sura 18. Ɗaya ya lissafa azuminsa da zakkarsa, ɗaya ya sunkuyar da kai ya roƙi jinƙai. Na biyun ne ya koma gida baratacce.

Wannan magana tana da nauyi ƙwarai a bakin gadon mai mutuwa. Masu bishara a cikinku sun sha zama kusa da tsohuwa wadda ta bi Ubangiji da tsufanta, ba ta iya karatu ba, tana kuka tana cewa shekarunta na duhu sun fi na haske yawa. Idan ceto na mizani ne, ba mu da abin faɗa mata. Amma muna da shi. Muna ce mata, Iya, kada ki dubi ƙirgan shekarunki, ki dubi wanda ya mutu dominki. Abin da ya biya ya isa. Luta kansa, kafin ya mutu a Aisleben cikin 1546, ya bar 'yar takarda inda ya rubuta cewa mu duka masu bara ne.

Ina amfanin aikin kirki?

Maƙwabtanmu su kan ce addininmu na ragwaye ne: ka ce ka ba da gaskiya, shi ke nan, ka je ka yi abin da ka ga dama. Wannan zargi tsoho ne. Tun a Augsbag aka yi shi, kashi na 20 kuwa domin amsa shi aka rubuta. Tun cikin 1520 ma Luta ya rubuta littafi guda a kan ayyuka nagari, yana bin Dokoki Goma ɗaya bayan ɗaya.

Ku ɗauki misalin gona. Mutum biyu suna noma a gandu ɗaya, ɗan ƙodago da ɗan mai gona. Ɗan ƙodago yana duban rana yana ƙirga kunyoyinsa, gama abin da ya noma shi ne ladansa. Idan bai gama ba, ba a biyansa. Ɗan gida kuwa tun kafin ya iya riƙe fartanya ɗa ne. Nomansa bai sa ya zama ɗa ba, haihuwa ce ta sa. Amma wa ya fi kula da gonar? Wa ya kan tashi da dare idan shanu sun shiga? Ɗan gida ne. Allah ya mai da mu 'ya'yansa kyauta, muna kuwa aiki domin gonar ta Ubanmu ce. Idan wani ya ce shi ɗa ne, amma ciyawa ta cinye gero bai damu ba, sai mu yi shakkar maganarsa. Abin da Yakubu ya ke nufi ke nan sa'ad da ya kira bangaskiya marar ayyuka matacciya. Bulus yana maganar tushe, Yakubu yana maganar 'ya'ya, itace kuwa ɗaya ne.

Bayan mutuwar Luta, almajiransa biyu suka yi gardama a kan wannan. Jorj Majo ya ce ayyuka nagari wajibi ne domin samun ceto. Nikolas Amsdof, garin tsare alheri, ya ce ayyuka nagari ma cuta su ke yi wa ceto. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Cikin 1577 malaman Lutaran suka daidaita, suka ƙi maganganun nan biyu. Suka ce ayyuka nagari lalle ne ga mai bi, gama Allah ya umurta, bangaskiya ta gaskiya kuma ba ta rasa su. Amma ba a sa su cikin lissafin abin da ya cece mu.

To, waɗanne ayyuka ne nagari? A zamanin Luta an ɗauka su ne ziyarar wurare masu tsarki, da azumin ranaku, da shiga zuhudu. Shi kuwa ya koya cewa aiki nagari shi ne wanda Allah ya umurta, wanda kuma maƙwabci zai amfana da shi. Uwa mai wankin tsummokin jariri, da manomi, da maƙeri, da mai mulki mai gaskiya, duka suna yi wa Allah hidima cikin kiransu, ba su kuwa kasa mai zuhudu daraja ba. Mu kan ce yaba kyauta tukuici. Tukuici ba kuɗin kaya ba ne, ba a kuwa aika wa sarki da shi; hannun wanda ke tsaye gabanka a ke sa shi. Allah ba ya jin yunwa, ba ya ciwo, ba ya bukatar zanen rufa. Maƙwabcinmu ne ya ke bukata, godiyarmu ga Allah kuwa a hannunsa za mu sa ta.

An ga wannan a aikace. Cikin 1522 mutanen Witenbag suka kafa asusun gari domin gwauraye, da marayu, da marasa lafiya, da ba masu sana'a rance. Cikin 1527 annoba ta shiga garin, aka kwashe jami'a zuwa wani wuri, aka ce Luta ya tafi, ya ƙi. Shi da matarsa Katarina suka zauna, suka karɓi marasa lafiya a gidansu. Asibitocin Numan da Ngaundere da makarantun da yawancinmu muka koyi karatu a ciki, daga wannan tushe suka tsiro.

Amma 'yan'uwa, bari mu duba gidanmu. Takardun Tetsel sun shuɗe, amma zuciyar da ta saye su tana nan. Mutum yana iya riƙe katin baikonsa kamar takardar shiga sama. Wani yana iya dogara ga daina shan giya, ko ga auren mace ɗaya, ko ga cewa ubansa ne Kirista na fari a garinsu. Waɗannan abubuwa suna da kyau, mu riƙe su. Amma ran da muka mai da su kuɗin sayen ceto, mun zama kamar mutumin nan mai lissafa azuminsa a haikali. Alamar wannan cuta biyu ce: girman kai ga wanda ya ga ya yi ƙoƙari, da fid da zuciya ga wanda ya faɗi. Akwai kuma cuta ta ɗaya gefen. Wanda ya ke tauye mudu a kasuwa ran Asabar, ya zo ya yi waƙar alheri ran Lahadi ba da tuba ba, yana ruɗin kansa ne, yana kuma sa a zagi sunan Kristi a gari.

Don me ba mu roƙon tsarkaka?

Da fari mu san su wane ne tsarkaka. Sa'ad da Bulus ya rubuta wa mutanen Koranti ya kira su tsarkaka, ko da ya ke wasiƙar cike ta ke da tsautawa saboda tsattsaguwa da fasikanci. An tsarkake su ne cikin Kristi. Saboda haka kowane mai bi na gaskiya yana cikin tsarkaka, na duniya da waɗanda suka huta.

Ekklesiyarmu ba ta rena waɗanda suka riga mu ba. Cikin 1531 Melankton ya bayyana girma iri uku da ya kamata mu ba su. Na fari, mu gode wa Allah domin ya ba ekklesiya irin waɗannan bayi. Na biyu, mu ƙarfafa bangaskiyarmu da labarinsu: idan an gafarta wa Bitrus bayan ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ashe alheri ya fi zunubinmu yawa. Na uku, mu yi koyi da bangaskiyarsu da halinsu, kowa bisa ga kiransa. Luta ya girmama Maryamu uwar Ubangijinmu ƙwarai, har ya rubuta bayani a kan waƙarta ta yabo cikin 1521. Har yau majami'u da yawa na Lutaran suna ɗauke da sunayen manzanni.

Melankton ya yarda kuma cewa mala'iku suna addu'a dominmu, tsarkaka ma a sama suna addu'a domin ekklesiya gaba ɗaya. Abin da ya ƙi shi ne mu kira su, mu roƙe su taimako. Dalilinsa uku ne: a cikin Littafi Mai Tsarki ba umurnin yin haka, ba alkawarin cewa suna jinmu, ba kuwa misalin wani mai bi da ya yi. Addu'a kuwa a kan alkawari ta ke tsayawa. Wanda ya ke roƙo ba shi da tabbacin ana jinsa, da shakka ya ke roƙo.

Akwai wata hujja da a kan kawo, mu kuwa mun san ƙarfinta fiye da Turawa. A kan ce, talaka ba ya faɗa wa sarki kai tsaye, sai ya bi ta hannun ubangidansa, ko wani bafade wanda shi ne ƙofarsa. Gaskiya ne. An kawo wannan hujja tun a zamanin Melankton, ga kuwa amsar da ya bayar: idan sarki da kansa ya naɗa wanda za a bi ta hannunsa, ba zai so a kawo masa ƙara ta wata hanya ba. Allah ya riga ya naɗa. Bulus ya gaya wa Timoti matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, shi ne Yesu Kristi. Yohanna ya kira shi mai tsaya mana wurin Uba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce ya san kasawarmu domin an jarabce shi kamarmu, ta kuma ce mu matso gaba gaɗi. Ɗan sarki ne da kansa ya fito zaure ya kira mu da sunanmu. Idan muka bar shi tsaye muka zagaya neman wani bafade, muna cewa ke nan bafaden ya fi shi tausayi. Wa ya fi tausayi, wanda ya mutu dominmu, ko waɗanda su ma da jininsa aka fanshe su?

Tsarkaka da kansu ba su yarda a ba su wannan matsayi ba. Karniliyas ya faɗi gaban Bitrus, Bitrus ya tashe shi, ya ce shi ma mutum ne. A Listira, da taro suka so su yi wa Bulus da Barnaba hadaya, sai manzannin suka kyakketa tufafinsu. A bikin Kana, Maryamu ta nuna wa barori Ɗanta, ta ce su bi maganarsa.

Wani zai ce, ai muna roƙon fasto da 'yan'uwa su yi mana addu'a. I, muna yi, gama an umurce mu mu yi wa juna addu'a, ɗan'uwa mai rai kuwa yana jin abin da muka faɗa masa. Wannan yana da umurni da alkawari, wancan ba shi da su.

Haka kuma kada mu mai da Luta waliyyinmu. Shi kansa cikin 1522 ya roƙi mutane su kira kansu Kirista, kada su ɗauki sunansa, gama ba shi aka gicciye dominsu ba. Mutum ne mai kuskure. Ya rubuta magana mai zafi a kan talakawan da suka yi tawaye cikin 1525, da mugayen kalmomi a kan Yahudawa cikin 1543, waɗanda ekklesiyoyin Lutaran suka fito fili suka ƙi daga baya. Kaburburan 'yan mishan da na iyayenmu na fari a cikin bangaskiya, mu share su, mu gaya wa 'ya'yanmu labarinsu. Amma ba a ɗiban ƙasar kabari domin albarka, ba a kai wa matattu kuka.

Zamanmu da maƙwabta

Ya kamata mu faɗi gaskiya a kan 'yan'uwanmu na Katolika. Majalisarsu ta Tiren, cikin 1563, ta koya cewa roƙon tsarkaka abu ne mai kyau mai amfani, amma ta ce Kristi kaɗai ne Mai Fansa, ta kuma hana cinikin takardun gafara domin riba. Ƙasar Jamus ta sha yaƙi shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, addini yana cikin dalilansa, mutane masu ɗimbin yawa suka hallaka. Ran 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsbag ɗin nan, Tarayyar Lutaran ta Duniya da Ekklesiyar Katolika suka sa hannu a kan takarda ɗaya, suka shaida tare cewa alherin Allah ne kaɗai ya ke sa a karɓe mu ta wurin bangaskiya ga aikin Kristi, ba cancantarmu ba, Ruhu Mai Tsarki kuwa shi ke kiranmu ga ayyuka nagari. Ba dukan Lutaran suka yarda da takardar ba, maganar roƙon tsarkaka kuma ba a daidaita ta ba. Muna riƙe da abin da muka koya, muna faɗinsa a fili, amma ba da zagi ba. Haka kuma ga danginmu Musulmi da masu bin al'adun kakanni, waɗanda mu ke cin kasuwa ɗaya, mu ke shan rijiya ɗaya da su. Wanda ya san kyauta aka ba shi ba shi da abin yi wa kowa gori.

Yanzu fa, 'yan'uwa, ga abin da za mu koma gida da shi. Wanda lamirinsa ya ke damunsa saboda tsohon zunubi, ya zo wurin Kristi yau, kada ya jira sai ya gyara kansa. Wanda ya ke da wani abin dogara a ɓoye, a ɗamara ko a ƙarƙashin gado, ya fitar da shi, gama Matsakancinmu ba ya bukatar mataimaki. Wanda ya karɓi gafara, ya duba gwauruwar da ke unguwarsu, da marayan ɗan'uwansa, da bashin da ya ƙi biya, da wanda ba su magana da juna tun bara. Iyaye kuma su koya wa 'ya'yansu Katekisma a gida, gama domin masu gida aka rubuta shi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin bayinka waɗanda suka kawo mana bishara, da iyayenmu waɗanda suka karɓe ta cikin tsanani. Ka tsare mu cikin bangaskiya ga Ɗanka kaɗai, ka ba mu hannuwa masu aiki domin maƙwabtanmu, har ran da za ka tara mu tare da dukan tsarkakanka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.